Dalilin da Ya Sa Ake Kirana Mai Kifi

Ku 'ya'yana, kun taso kun tarar ana kiran ubanku Salisu Mai Kifi, daga Sauka Kahuta har bakin gareji, alhali ban taɓa sayar da ko tarwaɗa ɗaya ba. Na san abin da kuke faɗa wa abokanku in sun tambaya, wai kakarku ce ta yi sana'ar kifi a Bida. Ni na ƙago wannan labari, Allah ya yafe mini. Kakarku ko a miya ba ta son kifi. Akwai kuma abin da ya fi wannan damuna. Ranar sunan ɗan Sadiya na ji ku a tsakar gida kuna ta dariya, kuna cewa rowa ce ta sa uwarku ta riƙa shafa muku man da kuliyoyi ke binku saboda shi. Ta ji ku sarai, ta ci gaba da rabon tuwo. To, ba laifinta ba ne, kuma ga yadda abin ya faru.

A wancan lokacin ina aiki a masana'antar man kaɗe ta Hajiya Binta, can bayan Ketaren Gwari. Mata ne ke yawancin aikin. Su soya ƙwara, inji ya niƙa, su buga, su tace, a zuba man a leda cikin kwali. Ni ne akawun lodi, kodayake karatuna bai wuce firamare ba. Aikina in ga kaya sun hau mota, sun isa inda aka nufa. Shekara da shekaru mutum ɗaya nake kira, Alhaji Ndagi, Banufe mai motocin dako, dattijo mai sanyin magana da yawan tambaya. Kafin ya ɗauki kaya sai ya tambayi mene ne, wa zai karɓa, yana son rana ko ba ya so, kamar mai neman aure. Ni kuwa tambayoyin nan gundurata suke yi. A gidansa na fara kwana da na zo Minna, shi ya kai ni wurin Hajiya, amma wannan bai hana ni jin haushin tambayoyinsa ba.

Shekarar da nake ba ku labari, Rabi 'yar Hajiya ta gama karatunta ta dawo ta zama manaja. Ita ta samo mana wata mata a Legas mai haɗa man shafawa, wadda ta ce tana son cikin mota guda, in ya yi mata kuma za ta riƙa saya duk shekara. Ba mu taɓa samun ciniki irin wannan ba. Hajiya ta ƙaro mata ma'aikata, aka yi ta aiki har hannuwansu suka yi kanta. Kowa ya san in cinikin nan ya tabbata, matan nan sun sami aikin rani da damina. Da kaya suka kusa haɗuwa, Anti Rabi ta kira ni ofis.

"Baba Salisu, daga yau mun daina kiran mutum ɗaya. Za ka je wurin masu mota uku, ka faɗa wa kowannensu magana iri ɗaya. Mota mai rufi, wankakkiya, kayanmu kaɗai a ciki, kuma ba yada zango sai Legas. Kowa ya faɗi kuɗinsa a kan wannan, sai mu zauna mu zaɓa."

"Wato mu ɗauki mai araha."

"Mu ɗauki mai araha a cikin waɗanda suka yarda da sharuɗɗan. Ka ji bambancin?"

Na ce na ji. Gaskiya kuwa kalma ɗaya ce ta shiga kunnena, araha. Ni mutum ne mai son a ce ya iya ciniki. Tun ina yaro in na taya abu aka sallama mini, daɗin da nake ji ya fi daɗin abin da na saya. Sai ga shi an ɗauki wannan ciwo nawa an mai da shi dokar ofis. Na fito ina jin kamar an naɗa ni sarauta.

Kafin in gwada a gareji sai na fara gwadawa a gida. Masu ruwa na fara tarawa, na tsayar da uku da kurarsu a ƙofar gida, na ce kowa ya faɗi kuɗin jarka. Suka dubi juna, suka tura kurarsu suka tafi, muka wuni ba ruwa. A makon ne kuma aka haifi Aminu, sai na aika wa wanzamai uku su zo su faɗi abin da za su karɓa na askin suna. Suka zo suka zauna a zaure da zabirarsu, kowa yana harar ɗan'uwansa. Uwarku Hajara tana ɗaki da ɗanyen jego, ta ɗaga murya yadda duk za su ji.

"Malam, kan ɗana ne ake gwanjonsa?"

"Tsari ne, Hajara. Haka ake yi a kamfani."

"To ka kai musu naka kan su gwada, wanda bai yanke ka ba sai ya taɓa nawa."

Wanzaman suka fashe da dariya. Wanda ya saba yi mana shi ya yi askin, ya kuma ƙara kuɗi, wai na zaman zaure.

Duk wannan bai koya mini komai ba. Na sa babbar riga na nufi gareji. A zatona zan sami masu motar nan uku daban-daban, in raɗa wa kowa a kunne, su yi ta faɗuwa da farashi don tsoron juna. Sai na tarar da su ƙarƙashin bishiyar mangwaro sun kewaye tire ɗaya na sakwara, Alhaji Ndagi da Alhaji Tanko da wani da ake kira Oga Sule. Na yi sallama, na faɗi abin da ya kawo ni, har da sharuɗɗan Anti Rabi, na ce kowa ya ba ni nasa a asirce. Alhaji Tanko ya lashe yatsa ya dubi sauran.

"Legas, layin wa ne?"

"Na Ndagi ne," in ji Oga Sule. "Ni na yi Onica wancan makon."

"To Ndagi, faɗi naka mu ɗora a kai."

A gabana Alhaji Ndagi ya faɗi kuɗinsa, Tanko ya ɗora kaɗan, Sule ya ɗora a kan na Tanko. Suka ci gaba da cin sakwararsu. Ku da ba ku san gareji ba, haka al'adarsu take. Lodi bi da bi ake yinsa, wanda layi ya zo kansa shi ke ɗauka, don kada wani ya kwana da yunwa wani yana ƙoshi. Ni na san da haka tun da daɗewa, amma ranar sai na ji kamar sun tuɓe mini hula a kasuwa.

"Alhaji, wannan ai ba gasa ba ce."

"Akawu, zauna ka ci abinci," in ji Ndagi. "Kuɗin da na faɗa na mota mai rufi ne, wadda za a wanke, ta tafi da kayanku kaɗai. Man kaɗe ba ya son rana, ba ya son maƙwabci. In Hajiya ta ce ya yi yawa, mu zauna."

Abin da ya kamata in yi shi ne in koma in faɗa wa Anti Rabi yadda aka yi, ita ta san dabarar da za ta ɓullo da ita. Amma na riga na ci alwashi a raina sai na kawo farashin da zai sa a tafa mini. Ban ci sakwarar ba, na juya na tafi, ina jin Oga Sule yana cewa rigar tawa ta yi kyau.

A bakin titi wajen gareji na gamu da Isiya, mutumin Kagara, yana kwance a inuwar wata tsohuwar gingimari mai bodin katako. Ba ya cikin yuniyon, ba ya bin layin kowa. Na tambaye shi nawa zai kai kwalaye Legas. Ya faɗi kuɗin da bai kai rabin na Ndagi ba. Duk da haka sai da na taya, ya kuma rage. Sharuɗɗan nan huɗu suna bakina, na haɗiye su, don na san ina furta su kuɗin zai tashi. Shi ma bai tambaye ni ko mene ne a kwalayen ba. Na ce a raina, ga mutumin kirki wanda ba ya wahalar da mutane da tambaya.

Da na kai wa Anti Rabi farashin sai ta ɗaga gira.

"Baba Salisu, ya yarda da duka sharuɗɗan?"

"Bai ƙi ko ɗaya ba."

Kun ga irin ƙaryar da nake yi a lokacin, wadda ba za a kama ka da ita a kotu ba, amma Allah ya sani. Ranar lodi ta kama Anti Rabi ta raka Hajiya asibiti, saboda haka ba wanda ya ga motar sai ni da matan da suka yi dakon kwalayen. Wata tsohuwa a cikinsu, Iya Nnawo, ta leƙa bodin ta toshe hanci ta ce, "Akawu, shanu ne suka sauka jiya?" Na ce ta yi aikinta. Muka ja tamfol mai huji muka rufe. Na ce ni da kaina zan raka kayan, don ina son in ga fuskar matar Legas lokacin da za ta yaba mini.

Ba mu wuce Bida ba Isiya ya tsaya, aka ɗora buhunan albasa a bayan kwalayenmu. Na yi magana, ya ce hanya ce, kowa da ɗan abin da yake ragewa. A gaba aka ɗora awaki da mai su. A wani ƙauye muka jira kasuwa ta ci, don akwai mai daddawa da ya yi wa alkawari. Rana tana dukan tamfol, ni ina gaban mota ina ta lissafin yabon da za a yi mini. Da muka isa Mokwa sai ya saki babbar hanya ya gangara wajen bakin kogi, inda mata ke banda kifi. Nan na ga kwanduna jere kamar ana jiran jirgi. Aka yaye tamfol, aka fara ɗora su a kan kwalayenmu.

"Isiya, wannan kuma fa? Motar nan ni na ɗauke ta!"

"A'a, Akawu. Ka tambaye ni nawa zan kai kwalaye Legas, na faɗa maka. Ba ka tambaye ni nawa ne motar ba. Kuɗinka ko man zuwa Ilori ba zai saya ba. Kifin nan shi zai kai mu Legas, kai ma albarkacinsa kake ci."

Ina da waya a aljihu, kuma akwai sabis. Da na kira a lokacin, da an sauke kayan an turo wata mota, da asarar ba ta wuce ta kwana biyu ba. Amma kira yana nufin in ce na yi ƙarya. Ina tsaye ina wannan shawara sai wata daga cikin masu kifin ta miƙo mini bandar tarwaɗa mai zafi da yaji a takarda. 'Ya'yana, ba zan ɓoye muku ba, na karɓa, na ci, na kuma ce a ƙaro. Har yau ban ci kifi mai daɗin wannan ba, kuma wannan ma yana cikin abin da nake neman gafara a kansa.

Ina cikin ci Anti Rabi ta kira.

"Baba Salisu, kuna ina?"

"Mun kusa Ibadan."

"Kukan me nake ji kamar akuya?"

"Garin ne, Anti. Mutanen nan akwai su da kiwo."

Tafiyar da Ndagi ke yi a kwana ɗaya da wuni, mu sai da muka kusa cinye mako, don duk inda aka ɗauki kaya sai an tsaya inda za a sauke shi. Zafi ya narkar da man kaɗen a cikin leda, ya kuma narkar da kitsen kifin a sama. Na sama ya riƙa ɗiga, kwali ya jiƙe, leda ta saki baki, suka gauraya. Wanda kitsen bai taɓa ba, hayaƙin banda da daddawa sun shige shi, don man kaɗe duk abin da ya kwana kusa da shi sai ya ɗauki warinsa. Ni da ke cikin motar hancina ya riga ya saba, ban ji komai ba. Har na gyara hula da muka shiga harabar matar.

Madam ɗin ta fito da fararen kaya, tana da Hausa kaɗan don ta yi zama a Kaduna. Tun kafin a buɗe bodi na ga kuliyoyi biyu sun fito daga ƙarƙashin wata mota sun zauna suna kallonmu. Aka sauke kwali ɗaya, ta sa yatsa ta shafa a bayan hannu, ta kai hanci. Ta sa aka buɗe na tsakiya, aka buɗe na can ƙasa.

"Malam, wannan na jiki ne ko na miya?"

Na fara bayani a kan yanayin hanya. Ta ɗaga hannu, ta kira Anti Rabi a gabana, ta ce ko kwali ɗaya ba za ta karɓa ba, kuma a kwashe mata su kafin masu sayenta su zo. Isiya ya sauke sauran a bakin titi, ya karɓi kuɗinsa, ya yi mini fatan alheri, ya tafi kai kifinsa. Kifin kam ya isa lafiya, har na ji an ce ya yi wani sheƙi na musamman.

Na zauna a kan kwalaye a bakin titin Legas, kuliyoyi sun ƙaru, ba ni da wanda zan kira sai mutum ɗaya, Alhaji Ndagi.

"Salamu alaikum, Alhaji. Salisu ne. Ina neman motar da za ta dawo da kaya Minna."

"Akawu! To ka tambayi mutum uku?"

Na ji dariyar Tanko da Sule a bayansa, wato labari ya riga ni isa gareji. Na ce, "Alhaji, ka yi wa Allah." Sai ya fara tambayoyin nan nasa, kwali nawa ne suka jiƙe, a rana suke ko a inuwa, na ci abinci ko ban ci ba. Yana da mota da ta sauke doya a Legas, ya turo ta. Ban taya ba. Wannan ne karo na farko a rayuwata da aka faɗi kuɗi na ce to.

Hajiya Binta ba ta yi mini ihu ba, da ta yi da ya fi mini sauƙi. Ta tara mu a tsakar masana'anta, ta sa aka buɗe kwali ɗaya a tsakiya, ta ce in faɗi abin da ya faru da bakina. Na faɗa, har da tarwaɗar. Wasu suka yi dariya, amma dariyar ba ta daɗe ba, don a nan Hajiya ta sanar cewa matan da aka ƙaro ba za a iya riƙe su ba. Iya Nnawo tana cikinsu. Ta ɗaura gyalenta ta zo ta wuce ta gabana.

"Sai wata rana, Mai Kifi."

Ita ta raɗa mini sunan, kuma ba da wasa ta faɗa ba. Wannan ranin na gan ta tana tallan itace a Sauka Kahuta, na sauya hanya. Daga baya na je gidanta na ba ta haƙuri, ta ce ta yafe, amma sunan ba za ta janye ba. Na ce ya yi daidai.

Ba a kore ni ba, albarkacin Ndagi da ya je ya roƙa, sai dai an raba ni da zaɓen mota. Anti Rabi kuma ba ta fasa tsarinta ba. Ta riƙa tambayar gareji uku maimakon mutum uku masu cin tire ɗaya, Minna da Bida da Suleja, da sharuɗɗanta a gaba, kuma sai ta ga mota da idonta. Wani lokaci Ndagi ya ci, wani lokaci ya sha kaye ya yi ta mita. Sai da aka shekara biyu tana lallashi kafin matar Legas ta sake gwada mu, aka dawo da wasu daga cikin matan, wasu kuwa sun riga sun kama wani abin.

Man kuwa, an yi sabulun wanki da abin da ya yiwu. Ragowar da ko masu sabulu suka ƙi, Hajiya ta sa aka kawo mini gida a kura, ta ce tunda ni na zaɓo masa ƙamshi, ni zan ƙarar da shi. Na ce wa uwarku mu zubar da shi a kwata. Ta ce guminsu Iya Nnawo ba zai shiga kwata daga gidanta ba. Aka rage mini albashi a shekarar, kuɗin man shafawa ya gagara, sanyi ya zo ƙafafunku suka fara faso. Shi ne ta riƙa narka shi da ɓawon lemo da kanumfari ta shafa muku, tana haɗiye kunya in maƙwabta sun yi magana. Sadiya, ranar da kika dawo daga Islamiyya kina kuka kuliya ta biyo ki har aji, ina ɗaki ina jinki. Uwarki ta ce miki ita ce ta sayo man da ba shi da kyau. Ban fito na gyara maganar ba, sai yau.

Ku sani kuma man bai ƙare ba. Ta ajiye wani a ƙaramar roba mai murfi, tana can saman kabad. Duk ranar da na dawo gida ina cika baki na yi wa wani wayo a ciniki, ba ta ce mini komai. In an kawo abinci sai in ga robar a gefen kwano, murfinta a ɗan buɗe.

Shekaranjiya na gaya mata na sami wani yaro mai shagon buga takardu da zai buga mini wannan labari da nake rubuta muku ya zama littafi da kuɗin da bai kai rabin na sauran ba. Ta ce Allah ya sa alheri. Da aka kawo tuwo, ga robar.

Gobe zan koma in tambaye shi da wace irin takarda zai buga.